Fankar Hitar Motar Alhaji Dikko

Manhattan, 8 ga Satumba, 2014

Zuwa ga Alhaji Dikko mai gareji a Morris Heights,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya Hajiya da yara?

Ni ne Mista Harold Pembrick, babban alƙalin Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motocin Tsere. Na sa tafinta ya juya maka takardar nan da Hausa, don kada ka ce ba ka gane ba.

Wakilanmu sun duba jar motarka ƙirar 1971, wadda ka shigar gasar Asabar 20 ga wata, a rukunin motocin da ba a canza musu ko ƙusa ɗaya ba. Fenti ya yi. Kujeru ma sun yi, dama mun ji ba ka barin kowa ya zauna. Amma fankar hita, wadda ke huro ɗumi daga ƙarƙashin dashbod, ba ta asali ba ce. Fankar 1971 ƙara take kamar injin markaɗe, taka kuwa shiru kamar an yi mata rasuwa. Mun soke sunanka. Kuma a rage cika baki a ƙofar masallaci.

Wassalam,
H. Pembrick

Morris Heights, 10 ga Satumba

Kwabena,

Ina gaishe ka, don gaisuwa dole ce. Ban kira ka a waya ba saboda ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Shekara goma sha shida muna aiki a gareji ɗaya. Shekara huɗu ina haɗa motar nan, kowane ƙarfe sai na bincika asalinsa. Fankar nan kaɗai na damƙa maka. Ka tafi da ita gidanka a Tompkinsville har sati uku, ka dawo da ita tana juyawa ba ƙara, ni kuma don sakarci har da sa maka albarka. Ashe ta wata mota ka cusa min! Ina tawa? Wa ka ba?

Na gayyaci rabin masallaci su zo kallo. Da wane ido zan kalle su? Yau da safe na kwance dashbod da hannuna, na fizgo jabun naka, na wurga shi sharar bayan gareji. Ga kwafin takardar alƙali, ka karanta ka ji kunya.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Dikko

Tompkinsville, 13 ga Satumba

Alhaji,

Na amsa gaisuwarka. A gaida Hajiya Hasiya, ita ba ruwanta.

A Kumasi na koyi aiki, inda ba ma jefar da ƙarfe sai ya zama gari. Fankarka na buɗe a kan teburin cin abincina, har matata Mariatu ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Na kankare tsatsa, na miƙe fiffike ɗaya da ya lanƙwashe, na sa mai. Ƙarar da kake kira asali, dattin shekara arba'in ne. Da ka juya ta ka goge ƙasanta da babban yatsa, da ka ga lambar kamfani da 71 a jiki. Ba ka juya ba. Ta asalin ce ka jefar, kuma ka san ranar Alhamis ake kwashe shara.

Na karanta takardar sau uku. Alhaji, wane Bature ne yake tambayar Hajiya da yara? Wane alƙali ne a Manhattan ya san hirar ƙofar masallacinku? Ni mai zuwa coci, duk zamana da ku, ban taɓa rufe wasiƙa da wassalam ba.

Amma ba wannan ne ya ƙona min rai ba. Takardar wanda ba ka taɓa gani ba ta zo, ba ka ko tambaye ni ba, ka kira ni ɓarawo. Makullin gareji yana cikin ambulan ɗin nan. Ɗana Kwaku zai zo ya kwashe min kayan aikina.

Allah ya ba ka wanda ya fi ni amana.
Kwabena

15 ga Satumba

Zuwa ga Alhaji Dikko,

Bayan gaisuwa, ni Mista Pembrick ina sanar da kai cewa an samu ɗan kuskure a ofishinmu...

Kai, ba zan iya ba. Yaya, ni ne Faruƙ. Babu wani Pembrick, a jikin motar masu kai katifa na ga sunan. Ba wanda ya soke ka daga gasa.

Ka tuna ranar Sallah da na jingina da motar don hoto, ka daka min tsawa gaban yaranka su Nuriyya, ka sa na goge wurin da hannun rigata? Shi ne na ce sai na rama, tunda ƙanin mata yana da wannan damar. Fankar kuwa kai ka koya min ita, kullum sai ka ce ko fankar hita ta asali ce. Wallahi na ɗauka layin farko za ka gano ni ka biyo ni da sifanar kwance ƙusa. Ni da allo kaɗai na riƙa, bokon ma a waya na tsinta!

Fankar tana wurina. Ranar Laraba na shiga sharar har ƙugu na ciro ta, tsoro ya hana ni magana. Na goge ƙasanta. 71 ɗin na nan.

Jiya na je wurin Baba Kwabena na durƙusa. Ya ce ni yaro ne, ya yafe min. Amma ba zai taɓa fankar ba sai wanda ya jefar da ita ya kawo ta da hannunsa.

Saura kwana biyar. Gobe ƙarfe tara ina bakin jirgin ruwan Staten Island, mai zuwa wajen su Baba Kwabena, da fankar a kwali. Ka mare ni a jirgi in ka ga dama, har sau biyu ma. Amma idan mun sauka, kai za ka riƙe kwalin.

Tsohon babban alƙali, ƙanin matarka,
Faruƙ