Turaku a Gonar Gado

Toranke, Ajingi,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yayata Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Abdulmumin da yara. Yaya jikin Fauziyya, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan lafiya lau, ruwa ma ana samu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A gidan Baffa Maikuɗi waya ba ta kamawa sai a gindin rumbu, kuma duk wanda ya tsaya a wurin, da mutanen gidan gaba ɗaya yake hira. Don haka zan riƙa rubutawa, in ɗauki hoton takardar in turo miki idan mun shiga Gaya.

Kin san abin da ya kawo mu. Malaminmu ya ce ba zai ba mu kyamarar makaranta ba sai ya ga yadda muka tsara buɗewar fim ɗinmu na kammala digiri. Ni aka ɗora wa neman wuri da izini da abinci, wato duk aikin da ba a yabon kowa a kansa. Musbahu ne darakta. Tun kafin mu rubuta labarin ya sayi hular daraktoci. So yake fim ɗin ya buɗe daga sama: ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto ya nuno gona gaba ɗayanta, sannan ya sauko a hankali kan wata mata tana tafe a kan iyaka da kwanon abinci.

Har yanzu ina mamakin Abba. Mutumin da yake kiran karatuna wasan yara, shi ne ya ce mu zo gonar gidansu, har ya ba mu mota da direba. Na gode masa, amma ban saba ba.

Baffa ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka yanka mana zakara, bai tambaye mu komai ba. Jiya muka shiga gona. Musbahu ya ja tef yana awo, ya kakkafa turaku ya ɗaura musu jan ƙyalle, nan kyamara za ta tsaya, can matar za ta juyo. Baffa yana tsaye a nesa da fartanya a kafaɗa.

Yau da safe muka tarar da turakun a ƙofar zaure, an ɗaure su da igiya tsaf, an ninke ƙyallayen a kai. Musbahu ya ce awaki ne. Ban taɓa ganin akuyar da ta iya ninki ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Naja'atu.


Gaya,
Ranar Asabar.

Yaya Suwaibatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun wayi gari lafiya. Na ga saƙonki, kin ce in daina zargin mutane in yi abin da ya kai ni. To, ina ƙoƙari.

Mun sake kafa turakun, an sake ciro su. Sai na zauna ina taya Inna Larai, matar Baffa, gyaran zogale, na bar ta ta zo da maganar da kanta. Ta faro ta daga nesa, da labarin maƙwabtansu. Ta ce a unguwar nan ba a kafa turke a gona sai ranar rabon gado, ranar da mai unguwa da malamai za su zo da igiya. Waɗancan maƙwabtan an kafa musu bara, yanzu wa da ƙane ko a masallaci kowa sahunsa daban. Daga nan ta tambaye ni ko gishiri ya ji a miyar jiya.

Kunya ta kama ni, Yaya. Shekaru muna cin geron gonar nan, Baffa yana aiko mana da buhuna duk kaka, ban taɓa tambayar ta wace ce ba. Ashe tun rasuwar kakanmu ba a raba ta ba. Ga 'yar ƙaninsa ta zo daga birni a motar ƙanin, da samari masu tef da jan ƙyalle. Ko ni ce shi, da na ciro.

Na je na yi masa bayani dalla-dalla, har zanen da muka yi na kowace fitowa na nuna masa. Ya saurara, ya ce ai ya sani, fim ne, Allah ya ba da sa'a. Ya kira ni uwata kamar yadda ya saba. Sannan ya tambaya, kamar wanda bai damu ba, ko jirgin namu yana iya hango har tsamiyar can ta ƙarshen gona.

Na so in yi dariya a raina. Amma da yamma Abba ya kira ni. Bai tambayi labarin fim ba, bai tambayi inda 'yan ajinmu suke kwana ba. Cewa ya yi idan jirgin ya tashi, in tabbata ya ɗauko daga tsamiya har bakin titi, in turo masa, yana so ya tuna ƙuruciya. Mutum biyu da ba su yi magana da juna ba, tsamiya ɗaya.

Sai na fara tuna abubuwa. Na tuna ranar sunan Fauziyya, Alhajinki yana ba Abba labarin wani abokinsa da yake neman fili a bakin titin nan zai gina rumbun ajiyar riɗi. Na kuma tuna wadda ta fara ce mini me zai kai ni neman gonar wasu alhali ga tamu a Toranke. Ba zarginki nake ba, Yaya. Tambaya nake: da bakinki kika faɗa, ko aro aka ba ki?

Ina jiran amsa. A shafa mini kan yara.

Taki,
Naja'atu.


Toranke,
Ranar Alhamis.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Amsarki ta iso, na karanta yadda kika yi bayanin zazzaɓin Fauziyya da tsadar tumatir. Allah ya ba ta lafiya. Abin da ba ki rubuta ba shi ma na karanta.

Na sami Baffa a gona na gaya masa abin da na sani da wanda ban sani ba. Na ce ban san abin da ke zuciyar Abba ba, amma jirgi ba zai tashi a kan gonar nan da izinina ba, kuma izini a hannuna yake. Sai ya karyo mini rake daga bakin fadama.

Musbahu ya yi fushi har ya cire hula. Ya ce na kashe masa fim, idan malam ya ƙi tsarin, ni zan yi bayani. Na ce na ji. Muka zauna muka sake tsari: kyamara a ƙasa cikin kunyar gona, gero ya rufe sama, ba a ganin komai sai ƙafafun manomi da bakin fartanya, sai ƙafafun matar sun shigo. Babu iyaka, babu titi, babu tsamiya. Yanzu Musbahu yana gaya wa sauran cewa dama tunanin ya daɗe a ransa. A madadin turaku, toka muke zubawa, ruwa ɗaya ya wanke ta.

Mun gwada da waya, Baffa ya ara mana ƙafafunsa. Da Abba ya sake tambayar hoton gona, wannan na tura masa. Ban rubuta ko na wane ne ba. Babu buƙata, domin babban yatsan nan marar farce, Inna Larai ta ce Abba ne ya sare shi da fartanya suna yara.

Abba ya buɗe saƙon. Washegari direba ya ce an kira shi ya mayar da mota, don haka yanzu a kan babur muke zuwa Gaya, Musbahu yana rungume da jirginsa a cikin jaka. Amma jiya Abba ya kira Baffa. A gindin rumbu aka amsa, saboda haka duk mun ji. Sun daɗe suna magana, ba su taɓo komai ba sai ruwan sama da tsutsar gero. Ban san ko sulhu ne ko dabara ba.

Baffa ya ce ya yarda da ni. Duk da haka, kullum muka tashi daga gona sai ya bi bayanmu yana shafe tokar da ƙafa. Ban ga laifinsa ba.

Ki gaida Alhaji da kyau. Ki ce masa idan fim ya fito zan kawo masa har gida, sai dai kada ya gayyato abokin nasa, babu abin da zai gani sai ƙafafu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki duk da haka,
Naja'atu.