Lokacin Wa'azi Muna Zaune Shiru

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da jikokina. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma muna nan, sai ciwon gwiwa da kewa. Yayarka ta bi mijinta wurin aiki, gidan ya yi mini faɗi. Maƙwabciyata mai ɗinki ce take rubuta mini wannan, ka san idona ya tafi.

Na ji saƙonka cewa za ka ƙara wasu shekaru kana karatun tauhidi. Na yi murna, amma murnar ba ta kai zuci ba. Ƙaramar majami'ar da marigayi babanka ya kafa a bayan kasuwa tana nan, ni nake buɗewa ranar Lahadi, in share, in kaɗa ƙararrawa. Matasa duk sun koma babbar majami'a. Saura mu tsofaffi: ni, da kawunka, da tsohon direba, da matar mai gadi, kuma babu mai ganin rubutu a cikinmu. Waƙoƙi muna yi da ka. Idan lokacin wa'azi ya zo sai mu buɗe Maganar Allah a kan bagade, teburin nan na gaban majami'a, mu zauna shiru gwargwadon yadda babanka yake daɗewa, sannan mu yi addu'a mu watse. Kawunka yana tsokana, wai bai taɓa jin wa'azin da ba a yi kuskure a ciki ba sai wannan. Mukan yi dariya, amma ni a hanyar gida kuka nake yi.

Dattawan ikkilisiya sun ce in ba a sami mai kula da wurin ba za su rufe. Na ce musu ina da ɗa masani. Babbansu ya tambaye ni, "Mama, masanin yana ina?"

Auta, ilimi gishirin zaman duniya ne, ban musa ba, amma gishirin da ke buhu ba ya gyara miya. Ba zurfin tauhidi muke nema ba, mai ido muke nema ya karanta mana. In za ka zo, faɗa mini. In ba za ka zo ba, kada ka ji nauyina, faɗa mini in kai musu mabuɗi da hannuna.

Ka gai da maiɗakinka da takwarata. Kawunka da gwaggonka suna gaishe ka.

Ni ce mai yi maka addu'a kullum,
Mamarka