Turken Doki a Bakin Rijiya

Daren Laraba, damina, 1957

"Kafin ruwa ya sauka zan ɗauke turken daga bakin rijiya." Haka maigidana Malam ya ce. Ga shi gero ya fid da kai, dokinsa na nan yana kashi da tsutsa, ruwa na wanke shi cikin abin shanmu.

Yau a asibiti aka ce tsutsar ciki ke cin Asabe, ita kaɗai marigayiya 'yata ta bar mini. Na faɗa masa, ya ce, "Haba, ke kuwa, ai na ba dokin kanwa." Dokin!

Ɗazu ta ce, "Kaka, cikina na motsi." Na juya baya na yi kuka.

In aka sauko Juma'a Malam bai matsar da turken ba, zan goya ta mu tafi Zungur wurin yayana. Dokin ya tuƙa masa tuwo.