Wasiƙar da Madam Saratu Ta Riƙe

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Sa'a, ƙawata tun muna makaranta, ta zo da safe, ko zama ba ta yi ba ta ce Madam Saratu tana raye. Tana Dogo-Dogo, gidan Laminu ɗan ƙanenta, ƙafa ta ƙi. Ni da na ɗauka ta daɗe a ƙasa. Sa'a ta ce mu je gaisuwa, na ce ina da aiki. Wane aiki? Shekara uku da na aje alli.

Laraba, 9 ga Oktoba
Tun jiya lakwal nake gani, makarantarmu ta 'yan mata, can Damagaram. Madam ce mai kula da ɗakin kwananmu. Ƙararrawa kafin assalatu. Gado a miƙe, in ta ga lanƙwasa ɗaya sai ta yaye zanen ta watsar a ƙasa. Kitso shida, ba ƙari. Ba lalle, ba kwalli. Wadda ta yi Hausa maimakon Faransanci a rataya mata ƙashin akuya a wuya har sai ta kama wata. Ni na fi kowa shan sa, bakina ba ya jin birki.
Amma ƙosan Lahadi. Da waƙar da muke yi ƙasa-ƙasa wajen wanki, mu goma sha biyu daga Magariya. Yau saura mu huɗu.

Jumma'a, 11 ga Oktoba
Ba zan je ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Bari in rubuta ko zuciyata ta sake ni. Duk wasiƙa sai ta bi ta hannun Madam, ta buɗe ta karanta. Shekarar 1979, ana saura kwana tara jarrabawar birebe, Baba ya sa aka rubuto cewa Inna ta rasu. Madam ta sa takardar a aljihun teburinta. Kwana tara ina dariya, ina cin tuwo, ina haddar kogunan duniya. Sai da muka aje alƙalami ta kira ni biro, wato ofishinta, ta miƙo mini. Da na iso Magariya har an naɗe tabarmin makoki.
Na ci birebe. Da takardar shaidarta na yi aikin koyarwa shekara talatin da biyar. Ban taɓa rataya ta a bango ba.

Talata, 15 ga Oktoba
Sa'a ta kira. Wai Madam ta tambayi Laminu ko Hindatu mai surutu tana nan. Shekara arba'in da biyar, kuma ta riƙe sunana.

Asabar, 19 ga Oktoba
Mun je. Mota zuwa Dungas, daga nan kabu-kabu, hanya duk amalanken damman hatsi.
Ta ƙanƙance. Matar da ƙarar takalminta ke hana mu numfashi, ga ta a kan tabarma kamar yarinya. Amma idon yana nan. Ta dubi ɗankwalina ta ce ya karkace, kuma wallahi hannuna ya gyara kafin in yi tunani.
Sa'a ta yi ta zuba labarin da, Madam tana gyara mata shekaru da sunaye. Da Sa'a ta fita alwala sai na ji bakina ya ce, "Madam, don me kika ɓoye mini?"
Ba ta ce me ba. Ta ce ita ma tana aji uku aka zo ɗaukarta zaman makokin uwarta, aka ce kwana bakwai, ba ta sake ganin aji ba. Shi ya sa ta ƙare a gadin ɗakin kwana, wasu suna koyarwa.
"Na san na cuce ki," in ji ta. "Kuma da za a sake, haka zan yi. Ki yafe in kin iya."
Ban ce na yafe ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Ban taɓa tunanin Madam tana da uwa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Na koma Dogo-Dogo ni kaɗai. Na ce wa mutanen gida wake zan sayo, na can ya fi kyau.
Na tarar matar Laminu tana gona, Madam ba ta ci komai ba. Na dama mata kunu, ta ce ya yi ruwa, ta shanye. Na shafa mata man kaɗanya a ƙafafun. Ta tambayi sunan Inna, na faɗa, ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a mai tsawo, na ce amin. Na zauna wurinta har aka kira azahar.
Sai da na shigo Magariya na tuna waken. Ba komai, ranar Litinin zan koma in sayo.