Ƙafar Hagun da Baba Bai Taka Ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ina roƙon a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin ina so a fahimci al'amarin yadda ya auku, ba tare da na ƙara ko na rage ba.

Ni matashi ne mazaunin Zuru, na karanta ilimin kwamfuta, na kammala bautar ƙasa, har yanzu ban sami aiki ba. Shekara biyu ke nan ina taimaka wa wata maƙwabciyarmu da zan kira Ladi, wadda take rawar gargajiya a ƙungiyar mahaifinta, wani dattijo mutumin ƙauyen Manga da ke kusa da mu, wanda kowa yake kira Baba. Ni ba na rawa, ko tafi ban iya yi daidai da kiɗa ba. Abin da na iya shi na bayar. Kafin gwiwoyin Baba su gaza na ɗauke shi bidiyo yana rawa, na sa manhajar da take bin motsin gaɓoɓi, na mayar da shi siffar mutum ta ɗige-ɗigen haske. Sai mu haska siffar da majigi a jikin farin ƙyalle, Ladi ta tsaya a gefe tana bin sawunsa, uba da 'ya suna rawa tare alhali uban yana zaune a kujera. Ranar da Baba ya fara gani ya yi dariya har da tari, ya ce, "Injiniya, ka mai da ni taurari, amma ina ka kai tumbina?" Ita kuwa Ladi Malam Ƙamus take kirana, wai ina magana kamar mai karanta labaran rediyo.

Dole in bayyana wata ƙa'ida ta ƙungiyarsu, domin a kanta komai ya rataya. Idan rawar murna ce, jagora yakan fara da ƙafar dama ya kewaya ta dama. Idan ta sallamar dattijon da ya rasu ce, da hagu ake farawa a kewaya ta hagu. Kuma babu mai saɓa wa ƙafar jagora, duk wadda ya ɗaga ita ake bi.

Bayan girbi aka gayyace mu wani taro a wani ɗakin taro a cikin gari, bayan la'asar. A duk gwajin da muka yi a gaban ƙyalle nake ajiye majigi. Ranar kuwa jama'a suka cika ɗakin, kawunansu suna tare hasken, sai na ɗauki majigin na koma da shi bayan ƙyalle. Duk wanda ya san aikin nan ya san cewa idan aka haska daga baya, mai kallo daga gaba zai ga hoton a juye, dama ta koma hagu, kuma akwai wurin da ake latsawa a gyara. Na san wannan sarai. Ban latsa ba. Da yake ina tsaye a baya tare da majigin, ni daidai nake ganin komai. Na ji ƙananan ganguna sun yi shiru, babbar ta rage ita kaɗai, na ɗauka sabon salo ne makaɗa suka shirya. Ashe abin da jama'a suka gani shi ne Baba ya ɗaga ƙafar hagu, 'yarsa ta bi shi, suka yi rawar sallama tun daga farko har ƙarshe, shi kuma yana zaune a sahun gaba yana kallo. Samari suka yi ta tafi. A cikin dattawa kuwa babu wanda ya tafa. Baba ya ce a ɗaga shi, aka ɗora shi a mashin aka mayar da shi Manga.

Washegari Ladi ta tambaye ni ko na canja wani abu, na ce ban canja komai ba, kuma a lokacin haka na yi imani, domin na buɗe kwamfutata na duba, Baba da dama ya fara. Bayan mako uku Allah Ya yi masa rasuwa. Ya daɗe yana fama da hawan jini, kuma na san ajali ba ya bin majigi. A wurin zaman makoki aka turo bidiyon taron, wanda aka ɗauka daga cikin 'yan kallo, a wani zauren WhatsApp. Baba a ƙafar dama kaɗai yake ɗaura akayau, wato ƙarafan nan masu kacau-kacau, kuma a siffar da na yi wurin ya fi ko'ina haske. A bidiyon hasken yana ƙafar hagu. A nan na gane abin da na yi. Na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da amsa gaisuwar mutane.

Tun daga nan laifin ya sauka a kan Ladi. Babban wanta, tsohon soja ne da ake kira Sajan, ya ce da gangan ta shirya, wai ta san rawar mutuwa ta fi jan masu kallo a waya, ta binne ubansu da ransa don a danna wa bidiyonta alamar so. An faɗa mini ta ce masa, "Yaya, kai da ba ka taɓa ɗaga ƙafa ba sai a fareti, kai za ka koya mini hagu da dama?" Daga nan suka koma yarensu na C'lela, mai ba ni labari ya ce gara kada ya fassara. Yanzu Sajan ya tara dattawan ƙungiyar, sun tsayar da cewa ranar Asabar, bayan addu'ar arba'in, za a karɓe akayau ɗin Baba daga hannunta a ba wani, kuma ba za ta sake shiga filin rawa ba. Tun tana shekara bakwai take rawa. Ni babu wanda ya tuhume ni, a ganinsu na'ura abin da aka ba ta take nunawa, ni kuwa ban san kan rawa ba.

Za ku ce ai magana a fili take, in je in faɗi gaskiya. Na je. Ranar Lahadi na same ta a gidan Baba da ke Manga tana sussukar dawa, na ce ina da magana game da ranar taron. Kafin in fara ta ce, "Malam Ƙamus, kada ka wahalar da kanka. Na bar neman dalili. Allah ne Ya nuna mana. Kowa sai ubansa ya mutu yake yi masa rawar sallama, ni kaɗai na yi wa nawa yana kallo, kuma tare da shi. Su karɓi akayau ɗin." Ta ce wannan tunanin ne kawai yake sa ta iya haɗiye tuwo. Na tsaya ina kallon dawar, na ce Allah Ya jiƙan Baba, na hau mashin na dawo.

Ban yi kuka ba tun rasuwar. Ina cin abinci, ina salla a kan lokaci, ina cike takardun neman aiki, amma ba na jin komai, ko tsoron Sajan ba na ji. Jiya na rataya ƙyallen a ɗakina, na sa majigi a baya, na latsa wurin gyaran. Ko daƙiƙa uku bai ɗauke ni ba. Baba ya ɗaga ƙafar dama, na kalle shi har ya gama, na kashe.

Ga tambayata. Idan na ɗauki majigi na je Manga na nuna wa dattawa yadda hoton yake juyawa, mai yiwuwa su bar mata akayau ta ci gaba da rawa, amma a take za ta san cewa sallamar da take riƙe da ita mantuwar yatsana ce, kuma ubanta ya tafi yana zaton ita ta yi masa haka. Idan na yi shiru, za ta riƙe abin da yake sa ta ci tuwo, ta rasa fili har abada da laifin da ba nata ba. In fara gaya mata ita kaɗai ta zaɓa, ko in tsaya gaban dattawa kawai? Kada ku lallashe ni, ba shi nake nema ba. Ku faɗa mini abin da za ku yi. Yau Laraba.