Fulawa da Ƙwai Sun Haɗa Ni da Iyayen Yara

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ranar da ba ni da aiki nakan kula da ƙungiyar 'yan matan unguwarmu, a wani ɗakin taro da aka ara mana. Da na karɓe su, kamar zaman makoki aka tara su: kowacce ta duƙufa kan waya, in na yi tambaya ni ke ba kaina amsa. Na yi nasiha har muryata ta dishe. Sai na kawo wasanni. Muka yi tseren ƙwai a cokali, muka yi jifa da balan-balan cike da ruwa, muka binne alewa cikin farantin fulawa, a nema da baki, hannu a baya. Anti, da kin ga dariya. Akwai wata da muke ce wa Shiru-shiru, tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya ga haƙorinta. Ranar ta ɗago fuska fara fat tana ƙyaƙyatawa har da hawaye.

Daga nan fa aka sako ni gaba. Baba mai gadi ya ce fulawar ta haɗu da ruwa ta toshe magudana, shi kaɗai ya yini yana kankara, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Wata uwa ta biyo ni har gida da rigar 'yarta mai ƙarnin ƙwai, wai tarbiyya ta turo ta koya, ba hauka ba. Yayata da nake zaton za ta goya mini baya, cewa ta yi ina wasa da abinci alhali wasu na nema. Hotona da fulawa har gira kuma ya zaga wayoyi, ya kai wurin aikina. Yanzu kwamitin iyaye sun ce ko in daina ko in miƙa makulli. Lokacin da yaran ke zaune kamar gumaka, wa ya leƙo? In na daina su watse, in na ci gaba a kore ni. Yaya zan yi?

Wadda Aka Yi wa Ca

Ƙanwata,

Sannu da ƙoƙari. Ba hauka kika yi ba. Kin sa marainiya dariya, kin raba 'yan mata da waya ba tare da tsawa ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma su ma ba su rasa gaskiya ba. Yayarki ta fi kowa: a cire abinci daga wasan. Kumfar sabulu, soso jiƙaƙƙe, yashi da garin alli za su ɓata jiki su kawo dariya, ba tare da an taka ƙwai ba. Baba kuwa haƙƙinsa kuka shiga. Ki je ki ba shi haƙuri da bakinki, yaran na biye da ke riƙe da tsintsiya da bokiti. Daga yau duk wadda ta yi wasa za ta yi shara, wasa mai ruwa kuma a fita da shi tsakar fili.

Uwar nan ba wasan ta ƙi ba, ba-zata ta ƙi. Ki riƙa sanar da iyaye tun da wuri, kowacce ta zo da tsohuwar riga, wadda ba ta so kada a tilasta mata. Wayoyi a tara su a kwando har a tashi.

Kada ki miƙa makulli cikin fushi. Ki nemi zama da kwamitin, ki fara da naki kuskuren, sannan ki roƙi mahaifin Shiru-shiru, in ya yarda, ya faɗa musu canjin da ya gani a gida. Daga nan ki gayyace su su zo su kalla da idonsu.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya albarkaci yaran nan.

Antinki