Kazar Baba a Kwalin Gidan Abinci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana hawa bene da kanta, Auta kuma ya koma gareji, amaryarsa na gaishe ki.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya kunnensa na kaina. Kin san tun da likita ya ce jininsa ya hau, kitse kuma ya yi masa yawa, aka hana shi soyayyiyar kazar gidan abincin nan da ya saba ci tun yana tuƙi. Ke kika ce in riƙa yi masa irinta a gida. To, na yi. Na cire fatar, na jiƙa naman cikin yogot da tafarnuwa da citta da lemun tsami, na daka busasshen burodi na barbaɗe, na gasa da mai cokali ɗaya tal. Sau huɗu ina ƙonawa kafin na gane kan wutar. Ranar da ta fito ja-wur na kai masa ina murna. Ya gutsura, ya ture farantin, wai wannan kazar da gani jinya ta sha kafin a yanka ta.

Mako uku muna haka, sai ga kwalayen gidan abincin a ƙarƙashin gadonsa, duk sun jiƙe da mai. Ashe Auta ke shigo masa da ita ta ƙofar baya! Na tare Autan na wanke shi tas. Wai shi ba zai iya ganin tsoho na roƙo ya hana shi ba. Na ce to madalla, daga yau kwalin kawai zai riƙa karɓowa, ni in zuba tawa a ciki, ya ci gaba da saɗaɗawa yadda ya saba.

Yaya, Baba har ƙashi ya tauna. Bai tsaya nan ba, ya kira ni ya tona asirin kansa ba ko kunya, ya miƙo min fiffike wai in ɗanɗana in ji yadda masu hannu ke girki. Ina tsaye ina cin kazata, ana yi min gori da ita. Duk baƙon da ya zo kuma sai ya ji labarin 'yarsa da ba ta iya kaza ba.

Jiya muka koma asibiti, jinin ya sauka sosai. Maimakon Baba ya yi shiru, sai ya ce wa likita kullum kazar gidan abinci yake ci, ga shi garau. Irin kallon da likitan ya yi min, kamar ni ke neman kashe shi. Sai da muka fito na ce na manta jaka, na koma na yi wa likitan bayani.

Yanzu ya dage ranar Asabar zai je da kansa ya gode wa mai girkin, kuma da ni za a je, wai in tsaya in koya. Auta ya daina ɗaukar wayata, Mama kuwa dariya kawai take yi. In ya gano gaskiya a can, na san Baba, zuciya zai yi ya koma wa cin soyayyiyar kazar gadan-gadan. Maganarki kaɗai yake ji. Don Allah ki kira shi kafin Asabar ki faɗa masa da bakinki, tunda shawararki ce. Ni na yi girkin, ke ki sha faɗan.

Ki gaishe min da maigida, da 'yan biyu, da takwarata. Mama na sa muku albarka.

Ƙanwarki da ta gaji,
Ƙarama